Batir Ɗaya da Dutse Ɗaya

Kayen, wato littafin rubutun, da na yi lissafin nan a ciki ya ɓace tun da daɗewa, kuma shekaru sun yi nisa, saboda haka mai yiwuwa na sauya wa wasu ranaku wuri, ko na sa magana a bakin wanda bai faɗe ta ba. Abin da nake da tabbaci a kai shi ne, ƴancin kai bai daɗe da samuwa ba, ni kuma ban daɗe da fitowa daga makarantar horon malamai ba, aka tura ni wani ƙauye a ƙasar Kieche in buɗe lakwal, wato makarantar boko, mai aji ɗaya.

Bayan kaka aka kira ni biro, wato ofishin hukuma, a Dogon Dutsi aka danƙa mini rediyo, babba, mai akwatin katako, irin wanda sai ya ɗau ɗumi kafin ya yi magana. An ce na ƙauye ne, a ajiye shi a zauren maigari, ni ne zan kula da shi. Ba ya aiki sai da batir irin na mota. Aka ba ni takarda in kai garaji in zaɓi wanda ya dace.

Makanisen garajin dattijo ne da ya yi aikin soja a da. Ya nuna mini batir iri biyu, ƙarami da babba. Babban, da ƙyar na ɗaga gefensa ɗaya. Ya gaya mini abu biyu: injin da yake cika batir ba ya tashi sai jajibirin kasuwa da ranar kasuwa, wato Alhamis da Juma'a, sannan batir ba ya son a shanye shi har ƙasa, in ana zarce rabinsa a kai a kai zai mutu da wuri.

Na zauna a kan wata tsohuwar taya na buɗe kaye. Shirin Hausa da aka ce mu riƙa saurara bai fi awa ɗaya ba, bayan la'asar. Batir zai tafi gari ranar Alhamis da safe, ya dawo Juma'a da yamma, ke nan kwana biyar zai yi aiki. Na duba abin da rediyon ke sha a awa, kamar yadda aka rubuta a bayansa, na ninka sau biyar, na sake ninkawa biyu saboda maganar rabi, na ƙara kwana ɗaya don tsautsayi. Ƙaramin ya isa, har da saura. Na maimaita lissafin sau uku.

"Mushe," in ji makanisen, don haka ake kiran malamin lakwal a can, "ka gama jarrabawar?"

Na ce ina ganin ƙaramin zai yi, in ban yi kuskure ba.

"A gidan wa za a aje shi?"

"Zauren maigari."

"To ɗauki babba."

Na tambaye shi dalili, ya ce shi bai san dalili ba, ya dai san zaure. Na yi masa bayanin jakin da zai riƙa ɗauko kayan rabin yini a cikin yashi, na nuna masa shafin kaye. Bai duba ba. Ya zuba wa ƙaramin ruwa, ya goge kansa da tsumma, ya ce Allah ya sa albarka.

Mai jakin wani mutum ne da ke kai tabarmi kasuwa duk mako. Da aka sa batirin a mangala ɗaya sai kaya ya karkace, ya nemo dutse mai nauyi daidai da shi ya sa a ɗaya gefen. Haka suka riƙa tafiya, batir da dutse, mako bayan mako. Na gani, ban yi tunanin kome a kai ba.

Makonni uku ko huɗu lissafina ya tafi daidai. Ina tashi daga lakwal in je zaure, in ɗaura wayoyi, mutane su taru, shiri ya ƙare in kwance wayoyi. Maigari yana kallon hannuna kullum. Na ɗauka sha'awa ce kawai.

A cikin masu zuwa sauraro akwai wani dattijon Bafillace da ya sauka da garkensa a gonakin ƙauyen, shanu suna cin kara. Lokacin tashinsa ya yi, domin kara ya kusa ƙarewa, ƴan uwansa ma sun riga sun yi gaba. Abin da ya tsayar da shi allurar shanu ce. A shekarun nan ana tsoron bushiya, ciwon da kan share garke a ƴan kwanaki, kuma masu allura suna zagaya rijiyoyi. An gaya mini a biro cewa za su zo rijiyar da ke yamma da mu a cikin wannan mako, za a kuma faɗi ranar a rediyo kwana ɗaya kafin su iso. Dattijon ya so ya kora shanunsa ya je ya zauna bakin rijiyar ya jira, ko da babu ciyawa a can. Ni na hana shi.

"Baffa, kada ka wahalar da su," na ce. "Akwatin nan zai faɗa mana ranar."

"Ka tabbata, mushe?"

Ni da ba na cewa na tabbata da kome, ranar na ce na tabbata.

Maigari, wanda Ba'are ne, wato ɗan ƙabilar Arawa, tsakaninsa da Fulani kuwa akwai wasan taubasai, ya ce, "Bar shi ya tahi, mushe. Shanun nan nawa na, kiwo na ba shi."

"Kai da ba ka san gaban saniya da bayanta ba," in ji dattijon. "In ka ga nono a gidanka, sadaka ta."

Aka yi dariya, ya zauna.

A makon ne aka yi suna a gidan maigari. Baƙi suka zo daga Lugu, daga Tibiri, har daga Dogon Kiriya, wasu suka kwana biyu. Ranar Lahadi da na je ɗaura wayoyi na iske su a ɗaure, akwatin da ɗumi. Na kalli maigari.

"Baƙi mun ka yi," ya ce.

A hankali na gane yadda abin yake. Baƙo in ya sauka a zauren, a shimfiɗa masa tabarma, a kawo ruwa, a kawo fura, yanzu kuma a kunna masa rediyo. Ba zai yiwu a ce gida yana da abu irin wannan, baƙo ya zo ya tafi bai ji shi ba. Kowane sabon baƙo kuwa nasa kunnawar daban. Wannan ma da sauƙi. Da rana yawanci Faransanci ake yi, babu mai ji a cikinsu, amma ba sa kashewa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, in ba a jin abin da yake faɗi, ai sai a kashe."

"Mutum na magana?"

"Ba ya ganinku."

"Ni ina jin shi. Ba a taɓa katse ma wani magana cikin zauren ga ba, ba kuwa za a hwara da baƙon da ya zo tun daga Yamai ba. Mukan jira ya kai aya."

Mutumin Yamai kuwa ba ya kai aya. In ya tsaya, wani ya karɓa.

Ya kamata a ranar in ɗauke batirin in kai ɗakina. Na yi tunanin haka, na kuma yi tunanin yadda za a ce yaron da aka turo jiya ya ƙwace abu daga zauren maigari a gaban surukansa. Na koma gida na sake lissafi, na sa awa uku a rana maimakon ɗaya, na ga zai kai Laraba da ƙyar. Ban san awa nawa suke yi ba. Ukun ma zato ne, na zaɓe shi ne don shi ke ba ni amsar da nake so.

Ranar Talata bayan la'asar murya ta fara yin ƙasa, muka matsa kusa, ta koma kamar ta mai magana a cikin rijiya, ta ɗauke. Dattijon yana wurin. Ya tambaye ni ko akwatin ya gaji ne, na ce zai huta zuwa gobe. Batir yakan ɗan farfaɗo in an bar shi, na sa rai da wannan. Laraba ya yi magana ta ƴan mintoci ya mutu tun kafin a zo ga sanarwa.

Akwai abin yi ko a lokacin. Da na roƙi maigari ya tura mutum a kan doki zuwa biro ya tambayo, ko in ce wa dattijon ya tashi zuwa rijiya tun da sauran rana. Na ce a raina mako bai ƙare ba, wataƙila sai Asabar za su zo, batir kuwa zai dawo Juma'a. Ban faɗa wa kowa cewa wannan ma zato ne ba.

Mai jaki ne ya kawo labari ranar Juma'a da yamma. Masu allura sun yini a rijiyar ranar Alhamis, sun wuce arewa. Ya ga shanu a kasuwa da sabon yanka a kunne, alamar da ake yi wa wadda aka yi wa allura.

Dattijon bai yi mini faɗa ba. Da safe ya kora garkensa ya bi sawun motar masu allurar. Na ji ya cim musu bayan kwana uku a wajen Dogon Kiriya, an yi wa shanun allura, amma tafiyar gaggawa ba ruwa sosai ta kashe masa maruƙa. Wasu sun ce biyu, wasu sun ce ɗaya ne da wata tsohuwar saniya. Kafin ya tashi ya biyo ta zaure ya yi sallama da maigari. Ba su yi wasan da suka saba ba. Ni kuma ya ce mini, "Sai wata rana, mushe," ya wuce. Kaka ta gaba wasu Fulani ne suka sauka a gonakin, ban sake ganinsa ba.

Alhamis ta gaba na nemi izini na bi mai jaki zuwa garaji. Makanisen bai tambaye ni kome ba, ina jin labari ya riga ni. Na ce ina son babban. Ya fito ya dubi jakin, ya sa hannu a mangala ya ciro dutsen, ya auna shi a hannu.

"Wanga hwa, awa nawa yake yi?"

Ya jefar da shi, ya kawo ƙaramin batir na biyu ya sa a wurinsa. Daga ranar ɗaya na zaure ne, na baƙi, ya mutu duk ranar da ya ga dama. Ɗayan yana ɗakina, ba ya fita sai bayan la'asar. Maigari bai ga laifin wannan tsari ba, ya ce dama kowane gida yana da hatsin ci da na iri.

Wannan shi ne abin da nake iya tunawa. Idan akwai wanda ya zauna a zauren nan a makon sunan, ko wanda ya san dattijon da abin da ya rasa a hanya, ina roƙo ya aiko mini da gyara, musamman a kan maruƙan, domin har yau ban san adadinsu ba.