Famfon Mushe Lawali a baya yake tafiya

Shekara bakwai ke nan da muka kai Mushe Lawali makwancinsa a Cadawa. Duk shekara in lokacin ya zagayo, addu'a nake yi masa in ja bakina. Bana shirun ya ƙi, domin abin da na gani ranar Lahadin da ta wuce ya tsaya mini a rai, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ga wanda bai san shi ba, malamin lakol ne, wato makarantar boko, shi ya sa ake ce masa Mushe irin na Faransanci, siriri, mai tsokanar tsiya. Shi ya tara mu, magidanta da furfurarmu, ya ɗora mu kan kekuna, a lokacin da mutanen gari ke ganin babba a kan keke karayar arziki ce. Kowace Lahadi bayan asuba mu haɗu bakin tasha, mu miƙe kwalta gabas, in ƙafa ta yarda har Gazawa, mu sha fura mu juyo. Masu amalanke na yi mana dariya, masu moto na tambaya ko mai ne ya gagare mu. Ƙasarmu ba ta duwatsu ba ce, amma duk wanda ya ce a shimfiɗe take bai taɓa taka feda a kanta ba. Akwai wata jigawa a hanyar, kwalta na hawanta a hankali kamar ba komai, sai ka kai tsakiya ka ji gwiwarka ta zama ta aro. Lawali ya raɗa mata suna Kowa-da-Halinsa.

Duk cikinmu ya fi kowa ƙafa, amma ban taɓa ganin ya riga kowa hawa jigawar nan ba. Famfon hura taya ɗaya gare mu, wani dogo baƙi da aka naɗe wa baki da roba, sai ƴar jakar kayan faci. A kekensa suke, shi kuwa kullum a ƙarshen layi. In an tsokane shi sai ya ce famfon da ke gaba bai san taya ta sace a baya ba. Dokarmu ke nan: wanda ya riga hawa ya jira a inuwar gawon da ke bisa tudun, kuma ba mai buɗe gorar ruwa sai famfo ya iso. In famfo ya iso, kowa ya iso.

Saboda wannan doka Idi mai awo ya hau keke. Idi mutum ne mai jiki, likita ya ce masa hawan jini zai kwantar da shi in bai motsa ba, shi kuma kunya ta hana shi, yana gudun ya zama abin kallo. Lawali ya same shi a rumfarsa, a gabana, ya ce masa:

"Idi, taho mu tahi. Ran da duk ka waiwaya ba ka gane ni ba, ka saida keken."

Shekaru Lawali ya yi yana bin bayan Idi. A tsakiyar jigawa sai ya dafa masa baya da hannu ɗaya yana turawa, yana ba shi labarin ƙarya don kada ya ji gajiya. Tumbin Idi ya ragu, jirin da ke ɗibarsa a kasuwa ya bar shi. Matarsa har yau in an ambaci Lawali sai ta ɗaga hannu sama.

Da Lawali ya rasu, matarsa Hajara ta miƙa mana famfon, muka riƙa karɓa-karɓa a baya. Sai aiki ya kai ni Gidan Rumji shekara biyu. Ina can nake jin samari sun shigo, da kekuna masu siririyar taya daga ƙetaren iyaka, da hulunan kwano, da wayoyin da ke auna gudu, kuma wani yaron kirki Nasiru ya zama shugaba. Na yi murna. Da aka ce za a yi hawan tunawa da Lawali, har da riguna masu hotonsa a baya, na kamo hanya da zumuɗi.

Na hau Kowa-da-Halinsa ina haki, hankalina kwance, a zatona famfo na baya kamar kullum. Da na isa gawo na tarar an shanye ruwa ana ɗaukar hoto. A tsakiya ga wani saurayi ya ɗaga wani abu mai walƙiya sama. Sai da na matsa na gane shi. Famfon Lawali ne, an shafe shi da fenti ruwan zinariya, an ɗaura masa kyalle. Ashe sun mai da shi kyautar wanda ya riga kowa hawa, shi ke yawo da shi har shekara ta zagayo. Na tambaya ina Idi. Aka dubi juna. Nasiru ya ce wataƙila Baba Idi ya juya gida.

Na fizge famfon, ban yi wa kowa sallama ba na gangara. Can ƙasa na same shi zaune bakin kwalta cikin ranar bazara, ba inuwa ko ta kara, tayar baya ta sace, laɓɓansa sun bushe. Ya tura keken har ƙafa ta ƙi. Na durƙusa na kafa famfo, na buga, na buga, ko iskar hura wuta bai bayar ba. Fatar cikinsa ta ƙeƙashe, tun da aka yi masa ado ba wanda ya ɗiga mata mai. Ƙarshe wani mai amalanken jaki muka roƙa ya ɗauke shi da kekensa, irin waɗanda suke mana dariya a da. Wannan bai yi dariya ba.

Idi bai zagi kowa ba, da ma ya yi zagin da na ji sauƙi. Muna tafe ina biye da amalanken ya ce:

"Na waiwaya, Malam. Har sau nawa ina waiwaye, ban ga kowa ba. Ka san alkawarin da munka yi da Lawali."

Da maraice Nasiru ya zo ba ni haƙuri. Ya ce girmamawa suka nufa, kuma yanzu kowa da waya a aljihu, wanda ya makale sai ya kira ɗan kabu-kabu. Na yarda bai nufi sharri ba, bai taɓa ganin Lawali a kan keke ba. Amma waya ba ta hura taya, kuma dattijon da ya yi shekaru yana yaƙi da kunya ba zai kira sa'o'in ƴaƴan cikinsa ya ce ku zo ku kwashe ni ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne akwai tsofaffin hannu a ƙarƙashin gawon nan, waɗanda Lawali ya sha yi wa faci a cikin rana, sun sha ruwansu suka gyara tsayuwa a hoto. Na gaba ya yi gaba, na baya sai labari, mu da muka kafa tafiyar nan don kada a faɗi haka a kanmu.

Ina ta tunanin me Lawali zai ce. Na san dariya zai fara yi, ya ce ashe sai da ya mutu ya riga kowa hawa Kowa-da-Halinsa, shi ma a bayan rigar wani. In dariyar ta ƙare, zai tambayi wanda aka bari a baya, kuma a nan ba ya wasa.

Hoton riga zai koɗe kafin damina biyu. Gudu kuwa gaba da gabanta, wanda ya zo na ɗaya bana wani zai wuce shi baɗi. Abin da Lawali ya bari shi ne mutum mai nauyin jiki ya fito daga gida da asuba yana da tabbacin ba za a manta da shi a hanya ba. In wannan ya tafi, a daina kiran sunansa.

Famfon yana hannuna. Na kai wa Hajara, ta juya shi ta ce ita ba ta san wannan ba, nata baƙi ne, kuma na mai bin baya ne. Na kankare fentin, na jiƙa fatar da mai, jiya ya hura tayata tam. An ce mini keken Idi na jingine wurin mai gyara, ana neman mai saye. Idi, in an karanta maka wannan, ka aika a maido shi. Ranar Lahadi bayan asuba ina ƙofar gidanka. Ka yi gaba, in ka kai tsakiyar jigawa ka waiwaya.