Sunan da Yaya Ba Ya Faɗa

Mun tashi da asuba daga garin Bowie, a nan Amurka, ni da maigida da 'yarmu, da robar dambun nama a cinyata. Ban yi barcin kirki ba. Yayana da ke Birmingham ta Ingila ne ya ɗora mini saƙo. Ɗansa na fari, wanda ya zama mawaƙi, ya zo wasa a taron 'yan Birtaniya mazauna nan, a wani fili kusa da Annandale. Wai in gaya masa, in ya sake hawa dandamali yafe da tutar Ingila, shi Yaya ya cire hannunsa daga kansa. Yaya kuwa ba ya magana biyu.

Mun so mu sami yaron kafin a fara, sai muka tarar ana gyara a babban titin da ya kewaye Washington. Muka yi ta jan ciki har gadar kogin Potomac, ina jan carbi, maigida yana tsaki.

Filin kuwa tuta ko'ina, a kofin shayi, a hula, har a wuyan karnuka. Ana sayar da kifi da soyayyen dankali, ba yaji ba albasa, da tsadar da ta sa maigida ya ce shi dai ya ƙoshi. Mai gadi ya hana mu shiga bayan dandamali. Ina cikin roƙonsa sai ihu ya tashi. Ga yaron nan ya fito, tutar a kafaɗarsa. Na ce Innalillahi, na makara.

Waƙarsa ta ƙarshe mai sanyi ce, 'yata tana fassara mini a kunne. Labarin uba ne da bai taɓa kiran sunan ɗansa ba, sai dai "kai", ko "yaron nan". Wata tsohuwar Baturiya kusa da mu tana share hawaye, ta ce wa 'yata wannan waƙa ita ce Ingila ɗungurungum, haka iyayensu maza suke, su mutu da ƙauna a ciki ba su furta ba. Jama'a suna bin amshi, suna kaɗa tuta. Ni kuwa na san uban nan, ba Bature ba ne.

Da aka tashi ya hango hijabina, ya zo ya durƙusa. "Gwaggo, ina wuni," da Hausarsa mai tuntuɓe.

Na ce, "Kai, wa ya ce maka ƙi ne? Ɗan fari ne kai. Kunyarka babanka yake ji. Kakanka har ya koma ga Allah bai ambaci sunan babanka ba, kuma duk cikinmu ba wanda yake so kamarsa."

"Ba wanda ya taɓa gaya mini," in ji shi. "A titi ana tambayata ainihin ƙasarmu, a gida ba a kiran sunana. Su masu saurarona ko ba komai suna kira."

Ban isar da saƙon ba. Na buga wa Yaya waya, na gaya masa abin da yaron ya ɗauka duk shekarun nan. Da na gama ya ce, "Ba shi wayar." Na miƙa wa yaron, na jiyo muryar Yaya: "Kai ne? Ka ci abinci?" Ba a yi zancen tuta ba.

Mun iso gida dab da magariba. Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, mun ɗauko al'adunmu mun kawo ƙasar wasu, mun bar bayaninsu a gida. 'Yar tawa ma ta fari ce. A bakin ƙofa na daure na kira sunanta. Ta juyo a firgice ta ce, "Mama, lafiya?"