Kabarin Malam a Rawayya

A unguwar Damba da ke Gusau, katanga ɗaya ce ta raba gidana da na wani tsohon malamin makaranta da matarsa. Kiristoci ne, asalinsu wani ƙauye a ƙasar Tsafe. Mutanen unguwa na ce masa Malam, ita kuma Inna. Da ya ajiye aiki ya sayi gona a ƙauyen Rawayya, ya kuma faɗa wa iyalinsa cewa can yake so a binne shi, ƙarƙashin ɗorawar da ke bakin gonar.

A shekarar da ɓarin jikinsa ya shanye, Inna kan fito da shi tsakar gida bayan la'asar ta yi masa karatu, ina ji ta kan katanga. Aikina karanta labarai ne a rediyo, don haka yadda take karatun na fara lura da shi: a hankali, tana numfasawa a ƙarshen kowane layi. Tsofaffin waƙoƙi ne na cikin Littafinsu Mai Tsarki. A wata, mai ciwo ya daɗe yana kai kuka ga Allah, sannan ya ce ya tabbata ba za a bar shi cikin ƙasa ba. A wata kuma an kwatanta matattu da masu barci waɗanda za a tasa. Waɗannan biyun ta fi maimaitawa.

Da Malam ya rasu, aka ajiye gawarsa a asibiti har babban ɗansa ya iso daga Kaduna. Ranar jana'iza na ɗauki Inna da faston cocinsu a motata, ɗan kuma ya bi motar da ta ɗauko akwatin gawa. Dole ne mu baro Rawayya kafin la'asar, domin a shekarun nan ba a bin hanyar da yamma.

Mun tarar maƙwabtansa na gona, dukansu Musulmi, sun riga sun haƙa kabarin tun da safe, ba wanda ya sa su. Sun haƙa shi yadda suka saba: babban rami, a tsakiyarsa kuma wani siriri, daidai faɗin mutum in an kwantar da shi a gefensa. Itacen rufewa na jere a gefe, an kwaɓa ƙasa. Akwatin ya fi ramin faɗi nesa ba kusa ba.

"Baba, wannan me ke nan?" in ji ɗan, yana duban dattijon da ya jagoranci aikin.

"Kushewa ce, ɗana."

"Akwatin fa? Ta ina zai shiga?"

Dattijon ya zagaya akwatin, ya ƙwanƙwasa shi da yatsa. "Wanga gado ne, ai. Mu dai Malam muka auna, ba mu san da kayan ɗaki za ya taho ba."

Wasu suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Ɗan bai yi ba. Ya ce a faɗaɗa ramin. Dattijon ya nuna masa saiwoyin ɗorawa a kowane gefe, ya ce ko da gatari aka shiga, sai magariba. Fasto ya dubi agogo, ya kawo shawarar a koma Gusau a binne shi a maƙabartar Kiristoci. Ɗan ya amince nan take. Ya ce mahaifinsa Kirista ne, ba za a saka shi a ƙasa babu akwati ba.

Inna tana zaune a kan wani dutse, daga can ta kira fasto.

"Fasto, waƙoƙin nan da na yi ta karanta masa, akwai inda suka ce sai mai akwati zai tashi?"

"Babu, Inna."

"To nan Malam ya ce a binne shi. A buɗe akwatin."

"Mama, mutane za su ce…"

"Su wa? Ga mutanen nan tsaye da fatanyu a hannu."

Aka buɗe. Malam na sanye da baƙin kwat. Inna ta ciro sabon zane daga jakarta, ɗan da fasto suka naɗe shi. Manoman suka shiga ramin suka karɓe shi, domin su ne suka iya aikin. Suka kwantar da shi a gefensa na dama, suka jera itace, suka lilliƙe da ƙasa. Fasto ya karanta waƙar masu barci da sauri, fiye da yadda na saba jinta. Manoman suka tsaya tare da mu har ya kai ƙarshe.

Kafin a mayar da sauran ƙasar, Inna ta matso bakin ramin.

"Baba, ina kuka juya fuskarsa?"

"Gabas, Inna. Haka muke yi ma kowa."

Ta dubi wajen na ɗan lokaci. Gero ne har iyakar gani.

"Ya yi," in ji ta. "Ku rufe."

Ɗan ya karɓi shebur daga hannun dattijon, shi ya fara zubawa.