Yadda Na Goge Baba Ɗanlami

Cikin ranakun aikina akwai wata Talata da ban taɓa mantawa da ita ba, ranar da na danna maɓalli ɗaya na goge mutum. Ku da kuka shigo sashen nazarin harshe kwanan nan, gara ku ji daga bakina.

Lokacin ina mataimakin malami, matakin da ke ƙasa da kowa sai mai shara. Farfesanmu yana da wani ra'i a kan ginin jimlar Hausa, yana neman hujja. Da yake ni ɗan Karaye ne, sai aka tura ni gida da rikoda da takardun tambaya. Tsarin aikin mai sauƙi ne: a ofis ake ƙirƙiro jimloli, wasu miƙaƙƙu, wasu an murɗe su da gangan. Kai kuma ka karanta wa mai harshen, ya ba da maki daga ɗaya zuwa biyar. Biyar, haka ake faɗa. Ɗaya, ba mai faɗin haka.

Na zaga ƙauyukan Karaye da na Rogo da kaka, ana cirar gyaɗa. Duk inda na je sai mai gari ya haɗa ni da ɗan rakiya, a shimfiɗa min tabarma, a kawo fura. In karanta jimlar da ni kaina sai na ja numfashi kafin in kai ƙarshenta, mutum ya dubi takalmina da takarduna ya ce, "Ai daidai ne, Malam." Wa zai ce wa baƙon mai gari, mai ilimin boko, bai iya magana ba? Na san haka sarai, a nan aka haife ni. Na dai yi ta rubuta biyar.

Sai a wani ƙauye da ake kira Turawa na haɗu da Baba Ɗanlami, wani tsohon manomi, yana tsinkar gyaɗa a inuwar ɗorawa. Na karanta masa jimlar da ra'in Farfesa ya rataya a kanta: "Gyaɗa ce Audu ya tafi kasuwa bayan Binta ta sayar."

Ya tsayar da hannu. "Wa ya faɗi wannan?"

"Ba kowa, Baba. Misali ne."

"To, a nema masa magani. Nawa ne mafi ƙanƙanta a makin naka?"

"Ɗaya."

"Babu rabi?"

Yini uku na yi da shi. Kowace jimla sai ya juya ta kamar mai duba buhu a kasuwa, ya nuna min inda ta ruɓe, ya faɗi yadda mutane ke faɗa. Da zan tafi ya ce, "Ɗan nan, maganar tawa za ta shiga littafin?" Na ce za ta shiga, har da sunansa. Ba wanda ya tilasta min wannan alkawari.

Ranar Talatar nan na kai wa Farfesa jadawalin. Ya bi layukan biyar-biyar yana gyaɗa kai, har ya iso layin Baba.

"Wannan fa?"

"Ranka ya daɗe, shi kaɗai ne ya saurare ni da gaske. Sauran kara suka yi min."

"Kara? A wane shafi na takardar ka auna kara?"

Ya turo min jadawalin.

"Ƙa'ida ce, wanda amsarsa ta yi nisa da ta jama'a ana cire shi. Tsoho ne, wataƙila bai fahimci aikin ba. Cire shi. Ka san kuma ni zan sa hannu a takardar ƙarin girmanka."

Bai ɗaga murya ba, ba ya buƙata. Na koma teburina na goge layin. Kwamfutar ma ta fi ni imani, sai da ta tambaye ni ko na tabbata.

Littafi ya fito, aka yabe shi a ƙasashen da ba a jin Hausa, ni ma na samu matakina. Na kwashe shekara biyu ina kauce wa hanyar Turawa, har wata ta'aziyya ta kai ni. Baba ya gane ni tun kafin mu gama gaisawa, ya tambaye ni labarin littafi. Littafin yana cikin mota, na rasa ƙaryar da zan yi, na ɗauko.

Bai tambayi sunansa ba. Cewa ya yi, "Karanta min abin da aka ce mun ce."

Na buɗe shafin, na karanta masa jimlar gyaɗa, na fassara masa bayanin da ke ƙasa: haka mutanen wannan yanki suke faɗa.

"Mutanen ina?"

"Na nan, Baba."

 Ya ce, "Idan ka je garin, ka gaishe su. Ni ban taɓa zuwa ba."

Aikin nan namu ya dogara ne da mutane masu kunyar baƙo, mu kuma mun koyi rubuta kunyarsu a matsayin hujja. In kuka fita da takardunku kuka ji kowa yana cewa daidai ne, to ba ku fara aiki ba tukuna. Ku nemi wanda zai ce a nema muku magani. In kun same shi, za a ce ku goge shi, kuma da harshe mai laushi za a faɗa muku. Ni dai na goge nawa, kuma da matakin da na samu nake tsaye a gabanku yau.