Geron da Kakata Ta Hana Mu Ci

Jiya da la'asar 'yata ta ajiye min littafin makarantarta a cinya. Hoton Turawan Amurka ne na zamanin da, sun loda komatsai a keken shanu sun nufi yamma.

"Abba, me ya kore su?"

Littafin ya ce ƙasar noma suke nema, wasu kuma zinariya. Ni kuwa idona na kan wani buhu da ke ɗaure a gefen keken. Na rantse iri ne a ciki.

Ka ga, mu ma 'yan ƙaura ne. Gonar gado ce ta yi wa su kakana kaɗan, su bakwai, rabon kowa ko akuya ba za ta ƙoshi ba. Ya ɗora matarsa a jaki ya bi faɗuwar rana har ya sami dajin da ba mai shi. Haka dai yake faɗa, makiyayan wurin da nasu labarin. Gatari ya tafi da shi, da damin gero ɗaya.

Jikokin geron nan na taso na tarar. Duk girbi kakata takan zaɓi zangarniyoyi masu ƙiba ta rataye a saman murhu, hayaƙi ya kore ƙwari. Har yau ina jin ƙamshin.

Shekarar da ruwa ya ɗauke, rumbu ya ƙare tun kafin bazara. Kwana biyu muna kan ganyen tafasa. Ina kallon zangarniyoyin ina haɗiyar yawu, inna ta jawo turmi. Kakata ta tare ƙofa.

"Maigidana, yi haƙuri," ta ce da ni, idonta taf da ƙwalla. "In muka ci wannan, mun ci baɗi."

Kwana uku ina gaba da ita. Da ruwa ya sauka, rabin gari wurinta suka roƙi iri. Wallahi ina kewar tsohuwar nan.

Da zan taho Doha ƙanena ya sa min zangarniya ɗaya ta geron nan a jaka kada irin ya ɓace, don yanzu kowa irin kanti yake shukawa. Na shuka a bokiti a barandarmu ta unguwar Al Wukair, ina ban ruwa safe da yamma. Ya kai gwiwa, zafi ya ƙone shi. Ƙwayoyin da suka rage ba su cika tafin hannu ba, ina tsoron sake gwadawa.

"To mu me ya kore mu?" in ji 'yata.

Kakana ya bar gida don ya sami inda zai zuba iri. Ni ga irin a hannuna, babu ƙasar.