Zagayen da Na Ƙara Masa

Yau in na zauna a ƙofar gidana a Birnin Kudu, sai in ga 'yan sakandare suna wucewa a kan babur, ko da makarantar a bayan unguwa take. A zamaninmu ba haka ba ne. Lokacin da kuɗin man fetur suka fara shigowa, ni matashin malami ne mai kula da wasanni a wata makarantar kwana ta yankinmu. Na yi karatu a Sudan, na yi kwas a Ingila, na ga yadda ake fitar da ɗalibai gudu ko ana ruwa. Na dawo da niyyar sai namu sun fi nasu. Kullum bayan sallar asuba sai kowa ya zagaya gonar makaranta sau biyu.

Akwai wani ɗan aji uku daga wata ruga a ƙasar Gwaram, siriri, kullum shi ne na ƙarshe. Na ɗauka lalaci ne, don a ganina wanda ya taso cikin shanu ba ya gajiya. Wata safiya da damina ya same ni a gefe, ya sunkuyar da kai, ya gaya mini da Fulatanci, don kada abokansa su ji, cewa ƙasusuwansa na masa ciwo. Ina jin Fulatanci, na kuma san irinsu ba sa faɗin ciwo sai ya kai maƙura. Duk da haka na amsa masa da Turanci a gaban kowa, na ce ko kakarsa ta fi shi sauri, na ƙara masa zagaye ɗaya. Aka yi dariya. Ya tafi.

A kafaɗa ɗalibai suka dawo da shi. A asibiti aka ce sikila ce, kuma ta taɓa masa ƙashin ƙugu. Da mahaifinsa ya zo ɗaukarsa, bai ɗaga mini murya ba. Ya yi mini godiyar ɗawainiya, ya ce haka Allah ya so. Na tsaya har motarsu ta tashi. Ban ji komai a raina ba. Na koma na shiga aji.

Har gobe ina ganin yaranmu na bukatar motsa jiki, zaman ya yi musu yawa. Amma malamai da iyaye, in yaro marar magana ya ce yana ciwo, ku tsaya ku saurare shi tun a karon farko. Wancan ɗalibin nawa dai bai sake komawa makaranta ba, bai kuma sake tafiya ba sai da sanda.