Dabo Bai Iya Buɗe Baki Ga Ɗansa Ba

Dabo abokina ne tun muna yara a ƙauyenmu da ke kusa da Gezawa, gonarsa tana jikin tawa. Ya rasu a ƙarshen daminar bana. Masu zuwa yi mini ta'aziyya suna ta cewa tsufa ne. Ajali na Allah ne, ban musa ba, amma ina wurin, na ga yadda aka yi.

Gajeren mutum ne, mai faɗan tsiya a kan taki. Da ƙuruciyarmu tare muke kora jakuna birni, mu dawo da mangala cike da toka da shara mu zuba a gona. Gonarsa ba ta taɓa hutawa ba, ba ta kuma taɓa ba shi kunya ba. Da ita ya ciyar da gida, ya kai Najib, ɗansa na fari, har sakandare. Da ƙarfinsa ya fara ja baya, ga ciwon suga ya kama shi, sai ya sayi maraƙi ya turke a bayan ɗaki. Harawa da dusa ba sa yankewa. Yakan shafa tozon san ya ce, "Khalilu, ga asibitina nan. Ran da na kwanta, a kwance shi."

Dabo mutumin dā ne wajen kunyar ɗan fari. Tunda aka haifi Najib bai taɓa kiran sunansa ba, sai dai "yaron nan". Ba ya zama inda yake zaune, ba ya haɗa ido da shi. In yana da magana, ni yake aikowa ko matarsa Kaltume. Mun sha yi masa dariya a kan haka.

Lokacin noman farko ya taka kututturen dawar bara, ya huda masa tafin ƙafa. Ciwon ya ƙi warkewa, ya fara baƙi. Ma'aikacin ɗakin shan magani ya duba ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, a kai shi Kano maza. Dabo ya kira ni ya ce, "Ka gaya wa yaron nan a sayar da san."

Na sami Najib a zaure yana danna waya. Ashe ya daɗe da sa wa san ido, so yake ya sayi babur ya riƙa ɗaukar mutane zuwa birni.

Ya ce, "Baba Khalilu, wa ke sayar da sa da damina? A bari sai kaka."

Na ce, "Ƙafar za ta jira kaka?"

"Ku tsofaffi ba ku gane zamani ba. Babur kullum kawowa yake. Asibiti kuwa sai dai a yi ta zubawa. Mutum ya haura saba'in, ko an gyara ƙafar noma zai koma?"

"Kai, ubanka ne fa!"

"Ai shi ya sa nake nema masa abin da zai ci. To, in da gaske yana so a sayar, ya faɗa mini da bakinsa."

Wannan maganar ce ba zan manta ba. Ya san sarai uban ba zai iya ba. Kunyar da Dabo ya yi masa tun yana zanen goyo, ita ya ɗauka ya rufe masa baki da ita.

Na koma na roƙi Dabo. Na ce sau ɗaya dai, don Allah, ka kira shi ka yi masa magana. Ya juya fuska ga bango ya ce, "Ni in roƙi abin da na haifa? A kan abin da na kiwata da hannuna?" Na kawo dillali da kaina, Najib ya tsaya a bakin turke yana ɗaga murya, dillalin ya ce shi ba ya sayen rigima. Na je wurin mai unguwa, ya ce maganar cikin gida ce. Kaltume ta sayar da akuyarta, ta sayi ƙwayoyi a kemis, aka yi ta wanke ciwon da ruwan gishiri. Ni kuwa ba ni da abin turkewa sai kaji.

Da gero ya fara nuna, wari ya hana kowa shiga ɗakin sai ni da Kaltume. Sai a lokacin Najib ya ji kunyar mutanen masallaci, ya samo mota muka kai shi asibiti a Kano. Likita ya ɗaga mayafin, ya dube mu ya ce, "Ina kuke tuntuni?" Ya ce ciwon ya shiga jini, ko an yanke ƙafar da wuya. Najib yana waje yana waya da dillali.

Ina riƙe da hannun Dabo a kan gadon nan. Hannun da ya yi kanta saboda fartanya ya zama kamar kara. Ya matse yatsuna ya ce, "Khalilu, kada ka yi wa yaron nan baki. Ka ji?" Na ce na ji. Bai kai la'asar ba.

A zaman makoki kukan Najib ya fi na kowa, har ana ba shi haƙuri. Ba a yi sadakar arba'in ba sai ga sabon babur ja a ƙofar gidan.

Yanzu kullum da safe yakan wuce ta ƙofata, ya rage gudu ya ce, "Baba Khalilu, an tashi lafiya?" Ban yi masa baki ba, domin abokina ya roƙe ni. In ya yi sallama ina amsawa, tunda wajibi ce. Gaisuwar kuwa ba na amsawa, kuma ko ƙafata ce ta ruɓe, ba zan hau babur ɗin nan ba.

Allah ya jiƙan Dabo, ya ba shi hutun da bai samu a nan ba.